Kurakuran da aka fi yi a manhajar lissafin kuɗi, da yadda ake gyara su

Da zarar ma'aikata ta koma yin lissafin kuɗinta a kwamfuta, sai mutane su saki jiki, su ɗauka aikin tantancewa ya koma hannun manhaja. Ita kuwa manhaja abin da aka ba ta take haɗawa. In an ba ta kuskure, za ta tsara shi a rahoto mai kyan gani, shugabanni su yanke shawara a kansa, a biya haraji a kansa. Yawancin kurakuran da ke ƙasa daga wuri ɗaya suka taso: yarda da abin da ba a gwada ba.

Littafi ya daidaita, sai a ce an gama

Tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ya daɗe. Luca Pacioli, wani masanin lissafi ɗan Italiya, ya wallafa bayaninsa a birnin Venice tun 1494. A zamanin rubutun hannu, in jimillar hagu ta zo daidai da ta dama, alama ce cewa akawu ya yi aiki da lura. A kwamfuta wannan shaida ta yi rauni ƙwarai, domin manhajar ce da kanta take cike ɓangarorin biyu. Cinikin da aka manta ba a shigar ba, wanda aka shigar sau biyu, kuɗin da aka sa a asusun wani abokin ciniki maimakon mai shi, injin da aka saya aka rubuta shi cikin kuɗin hidimar yau da kullum, duk waɗannan ba sa hana littafi daidaituwa.

Gyaran shi ne a auna littafi da shaidar da ta zo daga waje. Duk ƙarshen wata a ɗauko takardar bayanin asusu daga banki a bi ta layi-layi, a nemi masu kawo kaya su turo lissafin abin da suke bin ma'aikata, a ƙirga kuɗin da ke akwati da kayan da ke sito da hannu. In an ga bambanci, akwai dabarar da ke rage wahala. A ce takarda ta nuna 5,400 aka shigar da 4,500. Bambancin 900 ne, kuma yana rabuwa da 9 ba saura. Duk lokacin da aka juya lambobi biyu haka abin yake fitowa, haka ma in sifiri ya faɗi, 5,400 ta zama 540. In kuma ka raba bambancin gida biyu ka ga rabin ya yi daidai da wani ciniki, to mai yiwuwa an sa shi a ɓangaren da ba nasa ba.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne al'adar tura bambanci zuwa asusun wucin gadi da niyyar "za a duba daga baya". Ba a dubawa. Wata na bin wata, asusun na kumbura, har ya zama maɓoyar duk wanda yake son ɓoye wani abu. A sa wa kowane adadi da ya shiga can sunan mai bibiya da ranar da za a share shi.

Ƙofar shigar da bayanai a buɗe

Manhajoji da yawa suna iya ƙin karɓar lambar takardar neman biya da aka riga aka shigar, suna iya kulle watan da aka rufe, suna iya tsayar da adadin da ya wuce ƙima sai wani babba ya amince. Sau da yawa ba a kunna waɗannan ba, ko an kashe su don suna "ɓata lokaci". A kunna su. A kuma tace jerin masu kawo kaya, domin in kamfani ɗaya yana da suna biyu a rumbun bayanai, biyan takarda ɗaya sau biyu ba ya wuya.

Sai kwashe bayanai zuwa Excel, manhajar jera lambobi a tebur, da dawo da su. Excel yana zubar da sifirin farkon lamba, don haka lambar asusu 004512 ta koma 4512. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuwa, sai ya mayar da alƙaluman da suka biyo bayan na 15 su zama sifiri. Kwanan wata 03/04 a tsarin Amurka huɗu ga Maris ne, a na Birtaniya uku ga Afrilu. A 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta yi kwanaki ba ta sa mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona a ƙididdiga ba, saboda an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel da ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Maganin mai sauƙi ne: kafin a kwashe, a rubuta yawan layuka da jimillar kuɗin, bayan an sauke, a sake ƙirgawa a kwatanta.

"Ai muna da kwafi"

A nan ne aka fi yaudarar kai. Tambayi ma'aikata ko suna ajiye kwafin bayanai, za su ce e. Tambaye su ina yake, sai ka ji yana cikin kwamfutar da aikin yake, ko a faifan da ke manne da ita dare da rana. Gobara, sata, ko manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, duk tare za su tafi da asali da kwafin. Wasu kuma sun dogara da ma'ajiyar intanet mai daidaita fayil kai-tsaye. Wannan tana kwaikwayon duk abin da ya faru ne: ka goge fayil, ta goge, ya lalace, ta ɗauki lalataccen.

Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ga wannan a watan Yunin 2017. Mugunyar manhajar da ake kira NotPetya ta yaɗu ne ta hanyar sabuntawar M.E.Doc, wata manhajar lissafi da haraji da ake amfani da ita a Yukren. Ta shiga Maersk ta lalata kwamfutoci, har sai da aka sake girka saba, wato manyan kwamfutocin da sauran ke dogara da su, kusan 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar ta kusa dala miliyan 300. Sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu suna kwafar juna, shi ya sa suka mutu tare. Rahotanni sun nuna guda ɗaya ce ta tsira, a ofishin kamfanin na Ghana, domin ɗaukewar wuta ta raba ta da sauran a lokacin harin.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Ni zan ƙara da cewa lallai ɗaya ya kasance a cire yake daga intanet, ko a ma'ajiyar da ba a iya gogewa sai wa'adi ya cika. Kada kuma kwafin yau ya riƙa taka na jiya. Kuskuren lissafi yakan yi wata uku kafin a gano shi, saboda haka a riƙe na kullum, na ƙarshen wata, da na ƙarshen shekara. A haɗa da hotunan rasit da takardun da aka liƙa wa ciniki, domin odita, mai binciken lissafi, zai nema. Wanda manhajarsa take a intanet shi ma ya riƙa sauke babban littafinsa lokaci-lokaci ya adana.

Duk wannan bai isa ba in ba a taɓa gwada dawo da kwafin ba. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab, mai adana wa masu rubuta manhaja ayyukansu a intanet, ya goge rumbun bayanai bisa kuskure. Da aka koma ga hanyoyin ajiyar da aka tanada, sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su, aikin sa'o'in nan shida kuma ya tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ware rana, ko sau ɗaya a wata uku, a ɗauko kwafi a sauke shi a wata kwamfuta dabam, a buɗe, a fitar da jimillar asusai ta wata rana, a kwatanta da ta ainihi. A duba tsawon lokacin da aikin ya ci. Wanda zai yi gwajin ya zama ba shi ne ya tsara ajiyar ba, ya bi rubutattun matakai kawai. In kwafin a kulle yake da kalmar sirri, to a tabbatar ba a cikin kwamfutar da ake tsoron rasawa kaɗai aka ajiye kalmar ba.

Makulli ɗaya a hannun kowa, ko duka makullai a hannun mutum ɗaya

Ofishin da mutum biyar suke shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ba shi da hanyar sanin wa ya yi me. Kowa ya samu nasa, da izinin da aikinsa ke buƙata kawai, da tabbaci na biyu ta waya. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ranar za a rufe asusunsa.

Wanda ke ƙirƙirar sabon mai kawo kaya bai kamata ya zama shi ke amincewa da biya ba, kuma ba shi zai daidaita da banki ba. Bankin Barings, da aka kafa a 1762, ya rushe a 1995 da asarar fam miliyan 827, domin Nick Leeson, ma'aikacinsa a Singafo, shi ke cinikin kuma shi ke kula da rubuta shi, ya ɓoye asarar a asusu mai lamba 88888. Ƙaramar ma'aikatar da ba ta da mutanen da za ta raba wa aiki, mai ita ya riƙa karɓar bayanin banki kai-tsaye yana dubawa da kansa.

Saƙon imel da ke cewa "mun sauya lambar asusunmu" kada a yi aiki da shi sai an kira kamfanin ta lambar wayar da ke tsohon fayil, ba wadda ke cikin saƙon ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan Lituweniya ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Facebook da Google da takardun neman biya na bogi.

Saura maganar sawun aiki, wato rajistar da ke nuna wanda ya shigar ko ya sauya kowane adadi da lokacin. Kada a goge ciniki don gyara. A soke shi da wani rubutun, dalili a rubuce, sawun ya zauna. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta yarda da manhajarta ta Horizon fiye da mutanenta, aka gurfanar da masu kula da rassa sama da 900 tsakanin 1999 da 2015 kan giɓin kuɗi, wasu har gidan yari. A 2019 kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakurai, kuma ana iya taɓa lissafin reshe daga nesa. Don haka in allo ya nuna giɓi a hannun ma'aikaci, a fara fitar da sawun aikin, a gwada shi da rasit da bayanin banki, a tambayi kamfanin manhajar su wa ke da ikon shiga daga wajensu, sannan a kira ma'aikacin a zauna da shi da takardun a gaba.