Duk Hanyar Da Ta Bar Jos Gangara Ce: Kurakuran Masu Atisayen Keken Dogon Zango

Wata Asabar a watan Disamba, mu huɗu muka haɗu a Farin Gada bayan sallar asuba muka kama hanyar Bauchi. Sanyi na yankan yatsu, hazo ya rufe duwatsu. Kafin mu kai Tilden Fulani keke ya ɗauki gudu da kansa, feda sakayau kamar babu kaca a jikinta. Na leƙa agogo na ga muna cin fiye da kilomita 30 a awa ko gumi ban yi ba, na ce a raina ashe na ƙware ban sani ba. Muka wuce Magama Gumau da nisa, sai da agogo ya nuna kilomita 60 sannan muka juya. Daga nan hanya ta fara karɓar bashinta. Saura kamar kilomita 20 mu shigo gari ƙafafuna suka zama na aro, ina ganin dishi-dishi, na sauka na zube a gindin wani mangwaro. A-kori-kura mai ɗauke da rake ce ta kawo ni gida, ni da keken a saman kaya. Direban ya ƙare wa hular kwanona da matsattsen wandona kallo ya ce, "Yallaɓai, duk wannan shiri, ashe mai ne ya ƙare?"

Gaskiyarsa, mai ne ya ƙare. Kurakurai uku na haɗa a tafiya ɗaya, kuma su ne nake gani kullum wajen sababbin da ke shigowa cikinmu da niyyar shiga gasar kilomita 100 ko 200.

Na farko na mutanen Jos ne na kansu. Garin nan yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, Bauchi kuwa kusan rabin haka take. Ka nufi Akwanga, Hawan Kibo zai sauke ka. Ka nufi Zariya ma sauka za ka yi. Mai fita daga Jos da ƙarfinsa yake gangarawa, da gajiyarsa yake hawowa, alhali jiki akasin haka yake so. Gyaran shi ne ka daina auna tafiya da kilomita, ka auna ta da lokaci. In awa biyar ka ware, juya bayan awa biyu, ka bar wa dawowa uku. In kuma tafiya mai nisa kake so ba tare da dogon hawa a ƙarshe ba, zauna a saman tudun: Bukuru, Vom, Kuru, Mararrabar Jama'a, Heipang. A nan ma akwai tarko da hunturu, domin iskar daga arewa maso gabas take busowa. Za ta tura ka kudu cikin daɗi, in ka juyo ta tare ka a ƙirji. Kuma ka tambayi halin da hanya ke ciki kafin ka fita, kada ka yi nisa kai kaɗai.

Na biyu shi ne ciki. Ran nan shayi da yanka biyu na burodi na sha na fito, ban sa komai a aljihu ba, don a tunanina cin abinci a kan keke ragwantaka ce. Sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta ba ya wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana matsawa. In ya ƙare ba ya sallama, kawai za ka ji duniya ta juya. Kuma wanda ya jira sai ya ji yunwa ya riga ya makara, don abin da ya ci ba nan take zai isa ƙafa ba. Abin da masana abincin 'yan wasa ke cewa shi ne giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari kowace awa, in tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana da kusan giram 25. Ba sai ka sayi 'yan ledojin nan masu tsada da ake shigowa da su daga Turai ba. Dabino ya isa, ga shi ba ya lalacewa a aljihu. Dafaffen dankalin turawa ƙanana da ɗan gishiri, wanda Allah ya hore mana a Filato, ya fi komai zama a ciki in baki ya gaji da zaƙi. Waina ma tana yi in ba ta sha mai da yawa ba. Tsire da ƙuli-ƙuli dai a bari sai an sauka, suna daɗewa a ciki. Ni yanzu kafin minti 45 su cika na fara ci, daga nan duk minti 20 sai na jefa wani abu a baki, ko ina so ko ba na so. Wani abokinmu ya taɓa cika gora da kunun zaƙi. Zuwa hantsi ya yi tsami, murfin ya yi tsalle da kansa. Ba mu sake ba.

Ruwa shi ne na uku, kuma a nan sanyin Jos yake cin amanar mutum. Ba ka jin ƙishi, busasshiyar iskar hunturu tana shanye gumin kafin ka gan shi, sai ka dawo gida ka ga farin gishiri ya zana taswira a bayan rigarka. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Ka lissafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kowace awa, da zafi fiye da haka. Amma ruwa zalla na awa biyar ko shida ma yana da nasa haɗarin, don gishirin jini yana raguwa. Gora ɗaya ta zama ta ruwa, ɗaya ta haɗi irin wanda ake yi wa yaro mai gudawa: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari shi ne alƙali. In ya yi ja kamar shayi, ba ka sha ba.

Waɗannan ukun a rana ɗaya suke kayar da mutum. Akwai wanda ya fi su muni, shi a hankali yake ci, wato mai da kowace fita tsere. Mun san kanmu. An ce za a yi tafiyar hira, wani ya ɗan taka a hawan Gada Biyu, na bayansa ya ƙi yarda, kafin ka ce kwabo kowa harshe a waje. Da yamma a ɗora a Strava, manhajar da masu keke ke nuna nisa da gudun da suka yi, a jira yabo. Haka Talata, haka Alhamis, haka Asabar. Bayan wata biyu mutum ya ga gudunsa bai ƙaru ba, barci ya lalace, ya fara zargin keken. Binciken Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya nuna cewa manyan 'yan wasan juriya kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi, ragowar ne kawai mai zafi. Mu da muke fita bayan aikin ofis ko kasuwa mun juya lissafin, ko kuma mun maƙale a tsakiya: bai yi sauƙin da zai gina numfashi ba, bai yi zafin da zai ƙara gudu ba. Ba ka bukatar na'urar auna bugun zuciya don gane wannan. In za ka iya ba abokin tafiyarka labari jimla bayan jimla ba tare da haki ba, kana daidai. In sai kalma biyu-biyu, rage. Ga mai awa shida zuwa takwas a mako, fita ɗaya mai zafi ta isa: ka samu hawa mai ɗaukar minti huɗu ko biyar, ka hau shi da ƙarfi sau huɗu ko biyar, kana gangarowa kana hutawa. Sauran duk hira, har da doguwar ta ƙarshen mako. Abin da ke da wuya a nan ba ƙafa ba ce, zuciya ce, ranar da yaro a kan keken kai niƙa zai wuce ka ya waiwayo yana dariya.

Daga wannan sai taka giya mai nauyi. Yawancinmu a kan Raleigh ko Phoenix muka koyi keke, mai giya ɗaya, inda hawa sai an miƙe tsaye an danna. Ƙafa ta saba, sai mutum ya sayi keke mai giya ashirin yana amfani da uku. A dogon zango gwiwa ce ke biyan kuɗin. Nemi juyi 80 zuwa 90 a minti: ƙirga sau nawa gwiwar dama ke hawowa cikin daƙiƙa 15, ya zama 20 zuwa 22. Da farko za ka ji kamar kana wasa da iska, bayan 'yan makonni ya zama jiki.

Ƙarin nisa kuma a yi shi da awo. Wanda ya yi kilomita 50 wannan makon ba shi da hurumin 100 a mako mai zuwa. Ƙarin da bai wuce kashi 10 cikin 100 a mako ba shi ne abin da aka saba ba da shawara, kuma kowane mako na huɗu a rage sosai, don a hutu ne jiki ke ginuwa. Ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka da asuba kafin ka tashi daga gado. In ya haura yadda ka saba da bugu bakwai ko goma kwana biyu a jere, ko gajiya ce ko zazzaɓi na tafe, ajiye keken. Bayan maleriya ma kada ka koma inda ka tsaya. Da azumi ni ba na yin doguwa ko kaɗan, sai 'yar awa ɗaya a hankali gab da shan ruwa.

Maganar sirdi ana jin kunyarta, shi ya sa ake shan wuya a ɓoye. Kekunanmu galibi na gwanjo ne, wanda ya samu shi ake saya, ko ya yi wa mutum girma ko ya yi kaɗan. Wani dattijo mai gyaran keke a Bukuru ne ya fara duba ni ya ce, "Ɗana, wannan zaman naka na mai zuwa cefane ne." Ya sa na jingina da bango, na ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ya yi ta ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe sak. Da na mayar da tafin gaba kan fedar sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, shi ke nan. Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ciwon bayanta kuma ya yi sama. Sirdi mai laushi kamar katifa yana da daɗi na rabin awa, bayan nan shi ke kawo gugar fata da maruru. Wandon keke mai soso a ciki ba a sa masa gajeren wando a ƙarƙashi, ɗinkin ne ke yanka. Wanda matsewar ta dame shi, kamar ni, ya ɗora wani sakakke a sama. A wanke shi duk fita.

Abu guda da ba na sassautawa a kansa shi ne ƙwaya. Na ga masu haɗiyar tramadol ko maganin ciwon jiki irin su diclofenac kafin doguwar tafiya wai don kada su ji gajiya. Tramadol yana sa jiri da gyangyaɗi, ga ka a kan taya biyu tsakanin tifa da tirela. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta WADA ta bi sahu a 2024. Su diclofenac da ibuprofen kuwa, in suka haɗu da jikin da ruwa ya ƙare masa, ƙoda suke taɓawa. Ciwon da ya sa ka nemi ƙwaya saƙo ne cewa sirdi, ko giya, ko nisan ne ba daidai ba.

Keken kansa ba ya son abu mai yawa. Kada a shafa wa kaca baƙin mai, ƙurar hunturu yake kamawa ya zama kamar yashi yana cin haƙoran giya. A goge ta da tsumma, a ɗiga man kaca kaɗan, a sake gogewa. A duba birki kafin duk wata gangara mai tsawo. A ɗauki tub biyu, famfo da kayan faci, kuma a koyi canzawa a tsakar gida. Kada ka dogara da mai facin bakin hanya: bakin tub na keken tsere siriri ne, injinsa na mota ba ya kama shi sai da ɗan ƙaramin mahaɗi na ƙarfe. Nawa a ɗaure yake da makullin gida. Da damina a fita da sassafe, hadarin Jos da rana yake haɗuwa, wani lokaci har da ƙanƙara.

Sai makon gasa. Mutum ya ga saura kwana bakwai, tsoro ya kama shi, ya fita ya yi tafiyar da ta fi kowacce tsawo, ko ya sayi sabon takalmi da sabon sirdi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana goman ƙarshe a rage nisa zuwa kusan rabi, a yi barci, kada a ci ko a sa wani abin da ba a gwada a atisaye ba. Wanda zai sauka Abuja yin gasa kada ya ruɗi kansa cewa iskar tudu ta ba shi fifiko. Zafin can ne zai fara gaishe shi. Jiki na ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da zafi, don haka a mayar da wasu fitowar zuwa hantsi ko azahar tun kafin lokacin.

A ranar kuma a kula da tsayawa. A tsarin tafiyar dogon zango da Faransawa suka kafa, kilomita 200 ana ba ta awa 13 da rabi, babbar cikinsu kuma, daga Paris zuwa Brest a dawo, kilomita 1,200 ce cikin awa 90. Ka raba za ka ga gudun da ake nema bai kai kilomita 15 a awa ba, amma agogo ba ya tsayawa don ka tsaya. Minti goma wajen mai shayi, ashirin wajen hoto, sai ka ga awa ta tafi, ƙafa kuma ta yi sanyi. Haɗa komai wuri ɗaya: sallah, cika gora, bayan gida, ka hau.

Na koma hanyar Bauchi a watan Fabrairu, ni da mutum ɗaya cikin abokan tafiyar Disamban nan uku. Muka riƙe birki a gangara, muka juya a kan awa biyu cif, na saka ƙaramar giya tun daga gindin hawan farko. Mangwaron yana nan ya yi fure. Mun shigo Farin Gada ana kiran azahar, da sauran dabino uku a aljihuna.