Mai tumbi da velo a hanyar da ba tudu: yadda za ka daina shan wahala

Akwai wani yayana da muke fita da shi bayan sallar asuba hanyar Dosso, kwanan nan ya ajiye velo ɗinsa wai sai ya rage kilo 10 tukuna, tumbi na ja mishi baya. Na ce yaya don Allah ɗauko abinka, a shimfiɗaɗɗen gudron kilo ba shi ne ke cin ƙarfinka sosai ba, iska ce.

Ga lissafin a gajarce. In kana gudun kilomita 30 a awa ba tudu ba gangare, mafi yawan ƙarfin da kake zubawa a feda yana tafiya ne wajen keta iska, abin da taya ke ci a gogayyarta da hanya kaɗan ne. Ƙarin kilo 10 a wannan gudun bai wuce ya ƙara maka kamar wat 4 ko 5 ba (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da kake zubawa a feda) in tayarka na da kyau, alhali kai kana zuba wajen 150 zuwa 200. Shi ya sa Filippo Ganna, ɗan tseren velo na Italiya, da ya haura kilo 80 ya yi kilomita 56.792 cikin awa ɗaya a 2022. Amma fa kar ka ruɗi kanka, nashi tsoka ce, namu kuwa tuwo da ataya ne, kitse ba ya taka feda, fasinja ne kawai da bai biya kuɗin mota ba.

To ina kitsen ke cutar ka? Faɗin jiki. Mai ƙiba ya fi tare iska, kuma abin haushin tumbi ba ya barin ka duƙa, da ka sunkuya cinya ta fara dukan ciki numfashi ya ɗauke sai ka miƙe zaune ƙiƙam kamar mai talla, iska kuwa ta samu bango. Abin yi, kar ka sauke kan velo ɗin ƙasa lokaci guda don ka ga 'yan tsere na yi, lanƙwasa gwiwar hannu kawai ka matso da su jikinka, kai ya ɗan yi ƙasa, ka riƙe haka minti biyu ka huta ka sake, sati-sati kana ƙarawa. Sannan babbar riga ko jallabiya mai kaɗawa ka bar ta gida, wallahi ta fi kilo 10 ɗin da kake kuka da su ja maka baya, musamman da hunturu in iska na bugo ka ta gaba.

Sai bin bayan wani. In kun fita ku uku ko huɗu, ka laɓe bayan tayar na gaba, kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar ya ragu, kuma nan ne mu masu jiki ke da farin jini tunda kowa na son ɓuya bayanmu. Ka fara da tazarar mita ɗaya har hannunka ya saba, idonka na kan hanya can gaba, ba kan tayarsa ba, saboda rami da jakuna.

Taya kuma ka buga mata iska daidai nauyinka, ta baya ta fi ta gaba tauri don ita ke ɗauke da kai, adadin da kar ka wuce yana rubuce a gefen tayar. Taya mai laushi ƙarƙashin mai kilo 95 kamar tuƙi cikin rairayi ne. Rairayin ma ka kauce mishi, gefen gudron inda ya taru nan mai nauyi ke nutsewa.

Wurin da kilo ke nuna kansa da gaske shi ne tashi daga tsaye. Cikin Yamai kowace jar wuta, kowane ɗan kabu-kabu da ya yanke ka, sai ka sake tayar da dukan nauyin daga farko. Ka hango tun daga nesa ka sassauta, ka sauya zuwa giya mai sauƙi kafin ka tsaya, gwiwarka za ta gode maka.

Zafi shi ne wanda mutane ba su lissafawa. Kitse bargo ne, yana riƙe zafin jiki, a watan Afrilu da rana ke haura digiri 40 mai ƙiba ya fi saurin galabaita ko da hanyar kamar faranti take. Ka fita da asuba ka dawo kafin takwas, gora biyu ta ruwa, kana kurɓa tun ƙishi bai zo ba. In kana da hawan jini ko ciwon suga ka fara ganin likita.

Zancen rage kilon kuwa, kilo ɗaya na kitse wajen kalori 7,700 ne, awa ɗaya ta tuƙi matsakaici ba ta wuce kamar 500 ba, kenan in ka dawo ka zauna kan hura mai suga da fanke shida ka maida abin da ka ƙona har da riba. Ni abin da na yi, na rage sugan ataya da lemun kwalba, tuwon dare rabi, ban taɓa fita da yunwa ba. Kuma ban auna ci gabana a hanyar Dosso, can ba a gane komi, ina zuwa hawan nan da ke tasowa daga bakin kogi zuwa unguwar Plateau sau ɗaya a wata in duba agogo, nan ne kowane kilo ke magana. Yayan nawa ya yarda zai fito ran Asabar, sharaɗinsa kawai shi ne zai bi bayana.