Yadda Ake Tsara Labarin Kisa da Ramuwar Gayya Irin na Marubutan Ingila

Yawancin sababbin marubutan da na duba wa aiki daga gawa suke farawa, sannan su zauna suna laluben wanda za su ɗora wa laifin. Abin da ya kamata ka fara yi shi ne ka rubuta tsohon zaluncin da ya haifar da kisan a wata takarda dabam: wa aka cuta, yaushe, kuma me ya hana shari'a ta ƙwato masa haƙƙinsa. Idan ba ka nuna inda kotu ta gaza ba, mai karatu ba zai yarda mutum ya kwashe shekaru yana bin sawun wani ba.

Mataki na biyu shi ne ɓoye wannan zalunci ba tare da ka yaudari mai karatu ba, kuma a nan ni kaina na yi tuntuɓe. A rubutuna na farko na zube labarin zaluncin gaba ɗaya a babi na ɗaya, sai ya zama kowa ya gane mai kisan tun kafin mai bincike ya iso gidan. Arthur Conan Doyle, a littafinsa A Study in Scarlet na 1887, wanda a cikinsa mai bincike Sherlock Holmes ya fara bayyana, ya bar kalmar RACHE rubuce da jini a bangon wani kangon gida a Landan. Ɗan sanda ya zaci sunan mace aka fara rubutawa, alhali kalmar Jamusanci ce mai nufin ramuwa. Sai dai bayan an kama mai kisan, Jefferson Hope, Doyle ya ɗauke mai karatu zuwa Amurka har babi biyar domin ya bayyana dalilin kisan, kuma ban yarda ka bi shi a nan ba, saboda binciken ya tsaya cik. Hanyar Agatha Christie a Murder on the Orient Express na 1934 ta fi: sunan Armstrong, yarinyar da aka sace aka kashe a baya, ya fito daga guntuwar takarda da aka ƙona, raunukan wuƙa goma sha biyu da ke jikin gawar kuma ba su yi kama da aikin hannu ɗaya ba, don haka tsohon laifin yana fitowa kaɗan kaɗan daga cikin binciken kansa. Littattafan Doyle suna nan kyauta a intanet, ka karanta da biro a hannu kana lura da inda aka ajiye kowace alama.

Daga nan sai ka shigo da mai kisan tun farkon labari, kamar yadda marubuci Ronald Knox ya gindaya a ƙa'idojinsa goma na rubuta labarin bincike na 1929. Kada waɗanda ake zargi su wuce shida. Babin bayani na ƙarshe ya zama gajere, kuma kada hujja ta fito a cikinsa wadda mai karatu bai riga ya gani ba. Kafin ka fitar, ka ba wani ya karanta har zuwa babi na kusa da ƙarshe, ka tambaye shi wanda yake zargi da dalilinsa.