Yadda Ake Yin Ƙananan Donot Masu Kirfa da Sukari a Na'urar Suya da Iska

Na'urar suya da iska, wadda mutane suka fi sani da eya firaya, gashi take yi duk da sunan suya da ke kanta, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata mai niyyar yin donot a cikinta ya riƙe. A can samanta akwai ƙarfen da ke ɗaukar zafi idan an kunna wuta, a bayansa kuma fanka ce take hura zafin da ƙarfi yana zagaya abincin da ke cikin kwando. Tun da kamfanin Philips ya nuna tasa a baje kolin kayan lantarki na birnin Berlin a shekarar 2010, kamfanoni da yawa sun fito da nasu iri-iri, amma duk aikinsu ɗaya ne. Saboda haka kwaɓi mai ruwa-ruwa irin na fanke, wanda ake ɗiba da hannu a jefa cikin tafasasshen mai ya dunƙule nan take, ba shi da wurin zama a wannan na'ura, domin zai malale ta ramukan kwandon ne tun kafin zafi ya kama shi. Kwaɓin da ake buƙata shi ne mai ɗan ƙarfi, wanda za a iya mulmulawa a tafin hannu a ajiye shi ya tsaya da kansa.

Irin waɗannan ƙananan donot, waɗanda ake cinye kowanne a loma ɗaya ko biyu, sun shahara ne a Amurka da Kanada, inda kamfanin Tim Hortons ya fara sayar da nasa da sunan Timbits a 1976. A can masu gaggawa sukan sayi kwaɓaɓɓiyar fulawa ta gwangwani su yayyanka su gasa. Wanda aka kwaɓa a gida da yis ya fi shi laushi da ɗanɗano nesa ba kusa ba, kuma kayan haɗinsa babu wanda ba a samu a shagon unguwa.

Domin samun guda 28 zuwa 30, ana buƙatar fulawa giram 300, wato kimanin kofi biyu da rabi, da yis na gari ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da sukari babban cokali uku, da gishiri rabin ƙaramin cokali, da ƙwai ɗaya, da bota giram 40 wadda ta yi laushi, sai madara mai ɗumi mililita 150. Idan madarar gari ce a hannu, a dama babban cokali biyu a cikin ruwan ɗumi daidai wannan awo. Wanda yake son ƙamshin donot irin na shago yana iya gurza 'yar gyaɗar ƙamshi a ciki, amma kada ta wuce kwatan ƙaramin cokali, domin tana da saurin rinjayar komai. Na shafawa da barbaɗawa daban yake: bota giram 50, sukari giram 100, da garin kirfa ƙaramin cokali ɗaya da rabi zuwa biyu. In akwai sikelin kicin, shi ya fi dacewa a yi amfani da shi wajen auna fulawa, saboda kofi ɗaya na fulawar da aka danna yana iya fin wanda aka zuba a hankali nauyi sosai, wannan bambancin kuwa shi ne yake sa donot ɗin wani ya fito da tauri alhali ya bi awo.

A tankaɗe fulawa a roba mai faɗi, a zuba sukari da gishiri da yis a gauraya su a bushe. A tabbatar ɗumin madarar bai wuce yadda mutum zai tsoma yatsa ya bar shi ciki ba tare da jin zafi ba, wato tsakanin digiri 37 zuwa 40 a ma'aunin Selsiyos, domin yis abu ne mai rai, kuma zafin da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi. Idan yis ɗin ya daɗe a buɗe a gida, gara a gwada shi tukuna, a zuba shi cikin madarar da ɗan sukari a jira minti goma. In ya yi kumfa yana da kyau, in kuwa ya zauna shiru, asarar fulawa kawai za a yi da shi. Daga nan a fasa ƙwai cikin madarar a kaɗa, a juye a kan fulawar, a haɗa har babu busasshen gari. Sai a sa bota a ci gaba da murzawa.

Murzawar nan ita ce wahalar aikin, kuma ita ce mutane suka fi yi wa ƙwauro. Ana buƙatar minti takwas zuwa goma da hannu, ana dannawa da gindin tafin hannu, ana naɗowa ana sake dannawa. A farko kwaɓin zai riƙa manne wa yatsu, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum ya ƙara fulawa. A daure kada a ƙara, sai dai a shafa ɗan mai a hannu, domin yayin da ake murzawa kwaɓin yana yin danƙo yana sakin hannu da kansa. Donot ɗin da aka soya a mai yana iya jure kwaɓi mai tauri saboda man da yake sha, amma wanda iska mai zafi za ta gasa ba shi da wannan gata, duk laushin da zai samu daga cikin kwaɓin zai fito. Alamar an gama ita ce kwaɓin ya yi sumul, kuma idan aka danna shi da yatsa ya taso a hankali.

A shafa mai a roba, a sa kwaɓin a rufe da leda ko tsumma mai ɗan danshi, a ajiye a wuri mai ɗumi har ya ninka girmansa. Yawanci awa ɗaya ta isa, sai dai yanayi ne yake yanke hukunci. A watannin bazara yana iya tashi cikin minti 40, a cikin hunturu kuwa yakan kai awa ɗaya da rabi ko fiye, kuma busasshiyar iskar lokacin tana sa saman kwaɓin ya yi ɓawo idan ba a rufe shi da kyau ba.

Idan ya tashi sai a danne shi iskar ta fita, a raba shi gida huɗu, a mirgina kowane kashi ya yi tsawo, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa bakwai. Kowace gunduwa ta kasance kamar girman goro madaidaici, wajen giram 20. Daidaita girman yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda gashin na 'yan mintoci ne kawai, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ƙarami yana iya bushewa alhali babba bai nuna a ciki ba. A mulmula kowacce a kan tebur ko a tafin hannu har ta yi sumul, a jera su a faranti da ɗan tazara, a rufe, a sake barin su minti 20 zuwa 30 su kumbura. Wannan tashi na biyu shi ne yake ba su sakwat ɗin da ake nema, kuma wanda ya tsallake shi zai samu dunƙulen burodi mai nauyi.

Ana cikin jira sai a haɗa kirfa da sukari. Kirfar da ke kasuwa kashi biyu ce. Akwai ta ƙasar Siri Lanka, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, ɓawonta siriri ne a nannaɗe ninki-ninki, tana farfashewa a hannu, ƙamshinta kuma mai sanyi ne. Akwai kuma wadda ake kawowa daga Sin da Indonesiya da Biyetnam, mai kauri da tauri da launi mai duhu, ita ce aka fi samu wajen masu kayan ƙamshi da kayan shayi, kuma ta fi yaji a baki. Ga wannan donot, a ganina ta biyun ta fi dacewa, domin ƙamshinta ba ya ɓacewa a cikin sukari da bota. Idan kuwa ta farkon ce a hannu, a ɗan ƙara yawanta. Wanda ya sayi itacen kirfa maimakon gari ya fara farfasa shi a turmi kafin ya zuba a injin niƙa, don taurinta yana iya lalata wuƙar injin, sannan a tankaɗe da rariya mai laushi, saboda ɓurɓushin kirfa a haƙori ba daɗi gare shi ba. Sukarin ma in manyan ƙwayoyi gare shi, a ɗan barza shi kaɗan, ba har ya zama gari ba, zai fi kama jikin donot ɗin.

Akwai dalilin da ya sa ba a zuba kirfar cikin kwaɓi. Tana ɗauke da sinadarin da ke rage wa yis ƙarfi idan ta yi yawa, sai kwaɓin ya yi nauyin tashi. Haka kuma ba a barbaɗa sukarin kafin gashi, domin fankar za ta watsa wani, sauran kuma ya ƙone ya yi ɗaci.

A kunna na'urar a digiri 175, wato 350 ga wadda ma'auninta na Farenhait ne, a bar ta ta yi zafi na minti uku babu komai a ciki. Masu shimfiɗa takardar gashi su kiyaye, kada a sa ta a wannan lokaci, domin idan babu abin da ya danne ta iska tana ɗaga ta zuwa ƙarfen wuta ta kama. A shafa wa kwandon ɗan mai da burushi ko tsumma mai tsabta, a shafa wa ƙwallayen kwaɓin ma kaɗan a hankali don kada su sace. A jera su shimfiɗa ɗaya, da tazarar yatsa biyu tsakanin kowanne, ba a ɗora wani kan wani. Kwando madaidaici yakan ɗauki takwas zuwa goma, don haka sau uku za a yi gashin, kuma cusa su gaba ɗaya domin a gama da wuri ba ya haifar da komai sai donot mai fari a gefe da ɗanyen ciki, tunda an toshe hanyar da iskar za ta bi.

Gashin yana ɗaukar minti biyar zuwa bakwai. Bayan minti uku a zaro kwandon a girgiza shi ko a juya su da cokali, domin zafin daga sama yake saukowa. Na'urori sun bambanta a ƙarfi, saboda haka zubin farko shi ne na gwaji: a minti na biyar a ciro ɗaya a raba shi biyu a duba cikinsa. Idan bayan ya yi ja amma cikin yana danƙo, a rage zafi zuwa digiri 165 a ƙara minti biyu. Kada a jira su yi launin donot ɗin da aka soya a mai, domin kafin su kai haka sun bushe. Da zarar sun yi ruwan zuma mai haske a sauke. Zubi na biyu da na uku sukan riga na farko nuna da kusan minti ɗaya, saboda na'urar ta riga ta ɗauki zafi sosai.

Batun wuta ma abin lura ne. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin janareta da inbatar gida da yawa, kuma ya kamata a jona su kai tsaye a soket ɗin bango, a bar musu fili ta baya inda zafi yake fita. Idan wuta ta ɗauke alhali an riga an mulmula kwaɓi, a rufe shi a sa a firji ko wuri mafi sanyi a gidan, sanyin zai rage saurin tashinsa har a samu wuta.

Donot ɗin da ya fito daga iska busasshen jiki gare shi, sukari ba zai kama shi ba sai da bota, kuma a nan ne yake samun maiƙon da suya za ta ba shi. A narkar da botar tun kafin zubin farko ya sauka. Da an juye su, tun suna da zafi, a shafe kowanne da bota ta ko'ina, ko a zuba su a kwano a yaryaɗa botar a jujjuya, sannan a jefa su uku-uku ko huɗu-huɗu cikin kwanon kirfa da sukari a mirgina. A yi amfani da hannu ɗaya wajen bota, ɗayan kuma wajen sukari, in ba haka ba sukarin zai jiƙe ya cure tun kafin a kai rabi. Ana iya amfani da man shanu da aka soya maimakon bota, ga wanda yake son ƙamshinsa, kuma yana tafiya da kirfa sosai.

Ga wanda ba shi da lokacin jiran yis akwai gajeriyar hanya. A haɗa fulawa giram 250 da bekin foda ƙaramin cokali biyu da rabi, da sukari babban cokali biyu, da ɗan gishiri, a kwaɓa da yogot mai kauri marar zaƙi kimanin giram 200. Kindirmo ma yana yi idan aka zuba shi a ƙyalle mai tsabta aka rataye ruwan ya tsiyaye. Wannan kwaɓi saɓanin na yis ne, ba a murza shi, da ya haɗe sai a tsaya, a mulmula a gasa nan take na minti shida zuwa takwas. Yana da ɗan tsami mai daɗi, sai dai ya fi na yis nauyi kuma yana saurin yin tauri idan ya huce.

Kowanne daga cikin biyun aka yi, a ranar ya fi daɗin ci, musamman da ɗuminsa tare da shayi. Idan an san za a ajiye wasu, kada a shafa musu bota da sukari, domin sukarin yana narkewa ya yi damshi a cikin rufaffen mazubi, musamman da damina. A bar su su huce sarai, a zuba a mazubi mai murfi su kwana ɗaya ko biyu, ko a ɗaure a leda a sa a firiza idan za su daɗe. Lokacin ci a mayar da su cikin na'urar a digiri 160 na minti biyu, ko huɗu ga waɗanda suka fito daga firiza, sannan a shafa bota a mirgina su cikin kirfa da sukari.