Abin da ke fasa tukunya tun kafin ta ga wuta

Duk tulun da ya fashe a wurin gashi, wuta ake ɗora wa laifi. Alhali galibi ɓarnar a hannun magini ta faru, wuta asiri kawai ta tona.

Matasan Damagaram da ke koyon ginin kayan ado da mutum-mutumi sukan ɗebo yumɓu a bakin tabki su hau aiki nan take. Yumɓu mai santsi yana da daɗin gini, amma yana ƙanƙancewa sosai in ya bushe, shi ke kawo tsagewa. Maganinsa tsingaro. A daka fasassun tukwane, a tankaɗe, a zuba awo ɗaya cikin awo huɗu na yumɓu, a cuɗa da kyau har iskar ciki ta fita. In kana son sanin halin ƙasarka, ka yi ɗan bulo, ka ja masa layi mai santimita 10, ka sake aunawa bayan ya bushe. In layin ya gaza 9, ƙara tsingaro. Ka kuma lura da ƴan fararen duwatsun da ke cikin laka. Ɗiga wa ɗaya ruwan lemun tsami, in ya yi kumfa farar ƙasa ce. Wuta mai ƙarfi tana toya ta, bayan kwanaki ta sha danshi ta kumbura, ta ɓantare jikin tukunya a gidan mai saye. Jiƙa yumɓun ya narke, ka tace da rariya.

Inda aka fi asara shi ne wurin shanya. Da hunturu iska tana busar da bakin randa alhali gindinta na jiƙe, baki ya ja, gindi ya ƙi, sai tsaga. A ajiye kaya cikin ɗaki, a rufe da leda kwana biyu ko uku, in baki ya yi ƙwari a kife su. Rana sai daga ƙarshe. Ka manna tukunyar a kumatunka, in ka ji sanyi akwai sauran ruwa. Ko a Mirriya, inda ginin tukwane gado ne, ba a kai ɗanyen kaya wuta.

Mutum-mutumi ya fi wuya saboda kauri. Dunƙulallen kai ko ƙirjin doki yana bushewa a waje, ciki kuwa laka ce. Da zafi ya kai digiri 100 ruwan ya zama tururi, bai da mafita, sai ka ji tas, har ya ɓata na kusa da shi. Lokacin da aikin ya yi taurin fata, a yanka shi biyu da zare, a ƙwaƙule cikin har kaurin bango ya tsaya wajen santimita 2, a huda ƙaramin rami a ƙasa. Wurin haɗawa, a karce fuskokin biyu da cokali mai yatsu, a shafa kunun yumɓu, a danna. Hannu da kunne da ke ɓallewa, rashin wannan karcen ne, ko kuma an liƙa ɗanye a kan busasshe.

Gashi kuma a fara shi da hayaƙi, da ɗan kashin shanu da ƙaiƙayi, awa biyu ko fi, kafin a ƙara kara da itace. Wajen digiri 573 yashin da ke cikin yumɓu yana kumbura farat ɗaya, in zafi na sauka kuma ya koma, don haka kada a yaye toka da gaggawa, a bar kaya su huce a ciki. In ka ƙwanƙwasa ka ji amo kamar ƙararrawa, ya gasu. In amon ya dushe, ko akwai tsaga ko wuta ba ta isa ba.

Abu ɗaya da muke roƙo a bari ɗungum shi ne sa dalmar tsohon batir don kaya su yi ƙyalli. Dalma tana narkewa cikin abinci mai tsami kamar kunun tsamiya da fura, ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Mai son sheƙi ya darza jikin tukunya da dutse mai santsi tun tana da sauran danshi.