Ga 'yan uwa sababbin zuwa daga Nijar: katin buki, kwalliyar wuri da sha'anin masu hol a Sakkwato

Wanda ya taso daga Ƙonni, Tawa, Madawa ko Maraɗi, ya shigo ta Illela ya sauka Sakkwato, ba ya jin ya bar gida. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, dangi ma a sarƙe suke. Wannan sabon ne ke sa mutanenmu sakaci ranar da suka tashi aurar da ɗiya ko yi wa ɗa aure a nan. Mu da muka daɗe a garin, muna kuma cikin sana'ar buga kati da kwalliyar wurin buki, kowace shekara kurakurai iri ɗaya muke gani, musamman a Rajab da Sha'aban lokacin da kowa ke son a ɗaura kafin azumi. Yawanci mutum ne ke ɗauka yadda ake yi can haka ake yi nan, sai ya ƙi tambaya. Baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne.

Zaɓen launi da anko ba sai mun koya wa kowa ba, iyayenmu mata sun fi mu sani. Ku dai tsaya a launi biyu, uku in ya yi yawa, ku riƙe ƙyallen ankon a hannu zuwa wajen mai kati da mai yadi, domin hoton waya yana canza launi.

A kati, sunaye ne suka fi jawo ɓacin rai. Takardunku na can sun rubuta Mahamadou, Abdoulaye, Ousmane, Aïchatou. Yaron da ke gaban kwamfuta a shagon buga kati bai saba da wannan rubutun ba, sai ya ɗauka kuskure ne, ya gyara muku da kyakkyawar niyya: Muhammadu, Abdullahi, Usman, A'ishatu. Ku yanke shawara tun daga gida wane kuke so, ku rubuta masa da manyan haruffa a takarda. A katin gayyata kowanne ya yi, muddin iri ɗaya ne daga sama har ƙasa. A takardar shaidar aure kam, harafi ya bi harafi yadda yake a katin ɗan ƙasa ko fasfo, saboda ranar da za ku kai ta wani ofishi a Nijar, bambancin harafi ɗaya na iya sa a mayar da ku. Ku duba haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa can, a nan kuwa 'y ake sawa. Yawancin salon rubutun nan masu lanƙwasa da amare ke so ba su da waɗannan haruffa, ba su da ï ko é, sai wurin ya fito da ɗan akwati ko harafi ɗaya ya bambanta da sauran. Larabci kuma, in manhajar ba ta iya shi ba, baƙaƙen su kan rarrabu su juya baya, mai bugawar bai ma lura ba.

Shawararmu, kada ku buga aya ko cikakkiyar Bisimilla a kati, balle a leda ko mafici. Bayan buki a ƙasa suke ƙarewa, kuma wannan gari ne na malamai, za a yi muku magana. Haka hoton amarya a kalanda ko sitika: wasu gidajen ba sa so ko kaɗan, a tambayi waliyyi da dangin ango kafin a buga. In akwai mai sarauta cikin masu gayyata, a sa sarautarsa daidai, a kuma jera sunaye bisa girma. Baffa ko kawun da ya san gidajen biyu shi zai duba wannan.

Lokaci kuma a rubuta shi yadda mutanen nan ke karantawa: ƙarfe 2:30 na rana, ba 14h30 ba. Lambar waya ta can a sa mata +227, ta nan +234. Ranar Hijira a bi lissafin da fadar Sarkin Musulmi ta sanar, don wani lokaci ganin wata a Nijar kan bambanta da na nan da kwana ɗaya, a kuma rubuta sunan ranar, Juma'a ko Asabar, shi ne mutane ke riƙewa. Kada ku ce "Mabera" ko "Runjin Sambo" kurum ku yi shiru. Unguwanni ne manya, masallatai da yawa. Ɗaurin aure mintuna kaɗan ne, baƙon da ya taho daga Ƙonni yana neman masallaci sai ya tarar an shafa fatiha.

Kati biyu ake yi, na maza don ɗaurin aure, na mata don kamu, wuni da walima. Na maza A6 ya isa, santimita 10.5 da 14.8. Na mata A5, 14.8 da 21, tunda ya fi yawan bayani. Kwalin ya kai kaurin da masu buga kati ke kira giram 300, wanda bai kai ba yana lanƙwashewa a aljihu. A bar milimita 3 na launi ya zarce gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 5. Ku ƙidaya gidaje, ba kawuna ba, ku ƙara kashi 10 cikin 100. Launin zinare da kuke gani yana walƙiya a fuskar kwamfuta, da tawada kawai ruwan ƙasa-ƙasa yake fitowa. In kuna son ya yi ƙyalli sai an manna masa takardar zinare da zafi, kuɗinsa daban. A buga ɗaya tak tukuna, mutum uku su karanta, ku sa hannu a bayansa, sannan a saki inji.

Abin da zai sa a san katinku ne, yana hannunku. Dagi kowa na sawa. Ku ɗauko zanen bangon gidajen Birni na Damagaram, ko zanen lallen da za a yi wa amarya, a zagaye gefen kati da shi. Jar akuyar da ake alfahari da fatarta a Sakkwato ita ce dai ta Maraɗi, don haka siririn zaren fata da baduku zai yanka muku a ɗaure kati da shi yana haɗa gidajen biyu, kuma ba tsada. Ku goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin ku saya. In rini ya fita, zai ɓata kwalin.

Yanzu ga inda mutanenmu ke shan wuya da gaske: wurin da za a yi bukin. Mun saba magana ta baki ita ce magana, kuma abin alfahari ne, 'yan kasuwarmu da amana aka san su a garin nan. To amma hol ba shagon ɗan uwanka ba ne. Sabon zuwa kan haɗu da dillali, a nuna masa wuri, ya ba da kafin alƙalami ba rasit, ya tafi yana murna. Saura kwana uku a ce masa an ba wani ranar, ko a ce kuɗin da ya biya na ɗaki ne kawai, kujeru da fanka da janareta daban. Kati ya riga ya fita da sunan wurin, ba shi da yadda zai yi sai ya biya. Wannan abin na ba mu haushi, domin takarda ɗaya ta isa ta hana shi.

Ku nemi manaja ko mai wurin da kansa. Ku tafi da dattijo ɗan gari wanda aka san fuskarsa, ya zama shaida. A rubuta ranar da sunan ranar. A rubuta ƙarfe nawa masu kwalliya za su shiga, don kafa bangon kwalliya na bayan amarya da jera kujeru na cin awa huɗu zuwa biyar, kuma in akwai wani buki kafin naku a ranar, ku sani tun yanzu. A rubuta ƙarfe nawa za a tashi da abin da za a caje ku in kun wuce. Kujeru nawa, tebur nawa, fanka nawa, na'urar sanyaya ɗaki nawa ce ke aiki, ba wadda ke rataye kawai ba, a kunna ku gani. Wa zai sayi dizal, lita nawa, na awa nawa. Ku tambaya ko an yarda ku zo da mai kwalliyarku, domin wasu wuraren nasu suke tilasta wa mutum, ko su karɓi wani kuɗi a kan na waje. Ku tambaya ko an yarda da ƙusa, gam ko salatif a bango, da kaskon turaren wuta a kan kafet. Akwai kuɗin da suke riƙewa saboda ɓarna: a rubuta nawa ne da ranar da za a mayar. Ranar da kuka karɓi wurin ku ɗauki hoton bango, kujeru da banɗaki kafin a taɓa komai, in ba haka ba tsohon tabo ma naku zai zama.

Farashi a rubuta shi da naira, da lamba da kuma kalmomi. Kada ku ƙulla ciniki da sefa, canji na motsi, kowa zai lissafa da ranar da ta fi masa. Wanda bai buɗe asusun banki a nan ba ya kan biya ta wajen mai POS, wato mai na'urar tura kuɗi da cire su. Ba laifi, amma sunan da ke kan asusun ya zama na wurin ko na wanda ya sa hannu a yarjejeniyar, ku ajiye 'yar takardar, kuma ku ɗauki hotonta don rubutunta na gogewa da zafi. Duk da haka manaja ya ba ku rasit mai hatimi. Kada kafin alƙalami ya wuce rabi. Sannan a rubuta abin da zai faru in an ɗaga bukin, saboda rasuwa ko rufe iyaka. Ba mu manta ba, bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar ta zauna a rufe har Maris 2024. Gidan da rabin danginsa ke ƙetare dole ya yi wannan tanadi.

In a ƙofar gida za ku kafa rumfa, ku tuna haya kuke. Ku fara gaya wa mai gida, sannan maƙwabta, sannan mai unguwa in za a tare hanya, mako biyu kafin ranar, da goro da kati a hannu. Kada a haƙa rami a daɓen gidan mutum don kafa ƙarfe. Wurin mata a kewaye shi da kyau, kiɗa ya tsaya in an kira salla. Gidan haya da yawa daga irin wannan rana ce zaman ya ɓaci.

Kwalliya kuwa da yanayin garin za ku yi lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40. Balan-balan da aka hura dam a rana fashewa yake, masu duhun launi su ke fara tafiya. A hura shi a ranar, a bar shi da ɗan laushi, a ajiye a inuwa. Gam na bindiga yana saki, furannin roba su zubo, don haka a ɗaure su da siririyar waya ko zare. Ɗanyen fure da kyandir ku haƙura da su. A hunturu iska da ƙura ne: farin yadi da aka rataya tun daren jiya zai wayi gari ja, a rataya shi da safe.

Bangon bayan amarya mai faɗin mita 3 da tsawon 2.4, in ana son yadin ya yi tattara sai faɗinsa ya ninka biyu. Da yadi mai faɗin mita ɗaya da rabi, falle huɗu ke nan, kowanne mita 2.6. Ku kula, a kasuwar nan da yadi ake awo, shi kuwa santimita 91 ne, saboda haka yadi 12 za ku saya. Wanda ya ce "goma" yana nufin mita, zai dawo gida da gajeren kaya. Kowace ƙafar ƙarfen da ke riƙe da bangon a danne ta da buhun yashi. Bana, wato babbar ledar da ake buga hoto da rubutu a kai, a huda mata ido kowane rabin mita a ɗaure, hoton da za a buga a kanta kuma a tura shi ta WhatsApp a matsayin fayil, don in an tura shi a hoto ana matse shi, ya fito dishi-dishi.

Mu a ganinmu, wurin kamu ya fi kyau da kayan gida a kan kwalin roba da ake kwaikwayo daga intanet. Luru ko saƙin da gwaggo ta taho da shi a shimfiɗa a bango, faya-fayi masu launi bakwai ko tara a jera a kai, manya a tsakiya, a ɗinke su da allura da zare. Tumtum na fata biyu, tabarma sabuwa, ƙwarya mai zane cike da dabino da alawa. A Babbar Kasuwa za ku haɗa yawancinsu a yini ɗaya, bayan buki kuma su shiga ɗakin amarya.

Fitilun da kuka taho da su daga can bakinsu biyu ne zagayayyu, soket ɗin nan kuwa mai baki uku ne, ku sayi mahaɗi, kada a tura waya tsirara. Janareta mai kVA 5 kusan wat 4,000 yake bayarwa, kada ku ɗora masa fiye da 3,000, kuma a raba layin lasifika da na fanka don kada sauti ya riƙa ƙugi.

Wani ado da ya shigo yanzu shi ne naɗe takardun kuɗi a yi fure da su. Ku bar shi. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta hana liƙi da naira, taka ta, huda ta ko rubutu a kanta, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu, kuma an gurfanar da mutane a kanta a 2024. Baƙo ne ya fi kowa buƙatar nisantar irin wannan. A ajiye ƙwarya mai murfi ko ambulan masu ɗauke da zanen katinku, ƙawar amarya ɗaya ta riƙe littafi tana rubuta wanda ya bayar.

Kayan rabo a ba da aikinsu tare da kati, wuri ɗaya, don launi ya zo daidai. Sitika a kan kofi ko bokiti ta zama ta roba, ta takarda tana ɓarewa da wankin farko. Kayan haya kuma, kujeru, rumfa da kafet, mutum ɗaya cikin abokan ango ya ƙirga su gaban mai su lokacin saukewa, shi ne kuma zai sake ƙirgawa lokacin ɗauka, ya karɓo kuɗin ajiyar hol washegari da hotunan nan a wayarsa.