Yadda Za Ka Kai Jama'a Dajin Lekki Ku Dawo da Jerin Tsuntsaye Mai Amfani

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata sakandare a Agege, kuma yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a nan Legas. Sun san Oshodi da Mile 12 kamar yunwar cikinsu, amma da yawansu ba su taɓa shiga daji ba. Shi ya sa nake kai su Lekki Conservation Centre, wani lokaci har da iyaye da malaman Islamiyya. Abin da na fi damuwa da shi a wannan fita shi ne a dawo da rubutaccen abin da aka gani, a irin tsarin da masu bincike za su iya aiki da shi. Hotuna da nishaɗi za su zo da kansu. Jerin ne ke bukatar shiri.

Wurin yana kan hanyar Lekki zuwa Epe, daura da Chevron, a kan zirin ƙasar da ke tsakanin ruwan lagun da Tekun Atlantika. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ce ta kafa shi a 1990, kuma faɗinsa hekta 78 ne. Wani ɓangare kurmin fadama ne mai tukurwa da kwakwar manja, wani kuma fili ne mai ciyawa. An yi doguwar hanyar katako a saman ruwan fadamar, sannan a 2015 aka buɗe gadar nan mai lilo da ke ratsa saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401. Gidaje sun kewaye wurin ta kowane gefe, don haka duk tsuntsun da ka rubuta a ciki shaida ce ta abin da ya rage a wannan yanki.

Ka sa ranarka tsakanin Nuwamba da Maris. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan Legas ba ya shawara da kowa, katakon yana santsi, kuma ba a hawa gadar sama ana ruwa. In da hali ka zaɓi ranar aiki a lokacin hutun makaranta, domin Asabar da Lahadi wurin cika yake da masu yawon buɗe ido, hayaniya kuwa tana korar tsuntsu. Kwana biyu kafin tafiya ka tuntuɓi ofishin wurin ka ji kuɗin shiga na yanzu, da kuɗin gadar sama wanda daban ake biya, da ƙa'idar shekarun masu hawa, da lokacin buɗe ƙofa. Ka kuma roƙa a haɗa ku da jagoran da ya san kukan tsuntsaye, ka gaya musu ƙidaya ta kawo ku. Daga Agege muna tashi ana idar da sallar Asuba, don mu wuce Obalende kafin gosulo ya kama, mu tsaya a bakin ƙofa tun ba a buɗe ba. Tsuntsaye da sanyin safiya suke kiwo. Rana tana take tsakiya dajin zai yi tsit, kai kuma lokacin ne za ka nemi wurin sallar Azahar.

Kada babba ɗaya ya ja fiye da mutum goma. Hanyar katakon siririya ce, a layi ake tafiya, wanda ke can baya ba zai ga abin da na gaba ya gani ba. Idan kun kai ashirin ku rabu biyu, a bar tazarar minti goma sha biyar tsakani, kowane rukuni da jerinsa.

Kayan tafiya ba su da yawa: ƙaramin littafin rubutu, fensir maimakon biro saboda danshi, ruwan sha, takalmi sau-ciki, riga mai dogon hannu saboda sauro, da buta da ɗan abin shimfiɗa. Nakan roƙi 'yan mata su sa hijabi mai duhun launi, kore ko ruwan ƙasa, da wando a ciki saboda hawa gada. Fari da ja daga nesa tsuntsu ke hango su. Madubin hangen nesa kuwa, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya fi dacewa da kurmi domin yana tara haske, kuma guda biyu sun ishi mutum goma idan ana karɓa-karɓa.

Sai maganar birai. Birin mona ya cika wurin, kuma ya saba da mutane. Ya san ƙarar leda, ya san abin da ke cikinta. Duk abinci ya zauna cikin jaka a zuge, ba a ci a kan hanya, ba a miƙa wa biri komai. Wanda biri ya tunkara ya tsaya cak, kada ya yi ihu ko ya kai duka. Nakan faɗi wannan tun a mota, in maimaita a bakin ƙofa. Kada kuma kowa ya zura hannu ko ƙafa cikin ruwan fadamar, akwai kada a ciki.

Kafin ku taka katakon farko, raba aiki. Mutum ɗaya ne mai rubutu, kuma littafinsa ne kaɗai jerin rukunin. Wani ya riƙe agogo, wani ya riƙe waya don hoto da naɗar kuka. Saura idanu ne da kunnuwa. A saman shafi mai rubutu zai sa kwanan wata, sunan wurin, lokacin farawa daidai da minti, yawan mutane, da yanayin gari. A ƙarshe ya sa lokacin gamawa da kimanin nisan da aka taka. Waɗannan 'yan layuka su ne ke ba jerin daraja. Iri goma sha biyar a cikin awa ɗaya da iri goma sha biyar a cikin awa huɗu ba labari ɗaya suke bayarwa ba, kuma mai bincike ba zai iya kwatanta bana da baɗi ba sai ya san wahalar da aka sha kafin a samu kowane jeri.

Ku yi tafiya a hankali, kuna tsayawa. Duk bayan ɗan nisa nakan ɗaga hannu, kowa ya yi shiru na minti biyar cur. Minti na farko yara sukan yi ta ƙunshe dariya, zuwa na uku sai ka ga wani ya juya kai ya nuna wani reshe. A cikin kurmi abin da za ka ji ya fi abin da za ka gani yawa, shi ya sa jagoran da ya san kuka yake da muhimmanci.

Idan wani ya hango tsuntsu, "ga shi can" ba ya taimakon kowa. Ka koya musu su fara da abin da kowa ke gani: "Kwakwar nan mai karkata, reshe na biyu daga ƙasa, hannun dama." Mai madubi kuma kada ya ɗauke idonsa daga kan tsuntsun. Ya kafe shi da ido, ya ɗago madubin zuwa fuskarsa. Wanda ya sunkuya ya dubi madubin ya rasa tsuntsun ke nan. Kafin a fara neman suna, a amsa tambayoyi: ya kai kurciya girma ko ya kai hankaka? Bakinsa gajere ne mai kauri, ko siriri mai lanƙwasa irin na sha-kauci? Wutsiyarsa fa? Me yake yi, kuma a ina, ƙasa ko tsakiyar ganye ko ƙololuwa? Launi shi ne na ƙarshe, domin inuwar kurmi tana ruɗin ido. Idan kuka ga babba mai baƙi da fari da ƙaton baki yana tafiya daga bishiya zuwa bishiya, ɗan'uwan cilakowarmu ne na kurmi. Mai jajayen fukafukai da doguwar baƙar wutsiya da ke saɓe-saɓe a cikin ciyawa, ragon maza ne. Ku rubuta da sunan da kuka sani, in an koma gida a daidaita da littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma ko da manhaja.

Akwai abu biyu da ba na sassauci a kansu. Na farko, a rubuta kowa da kowa. Hankaka, balbela, kurciya, shirwa, duk su shiga. Yara sukan ce, "Malam, ai wannan ko a unguwa akwai shi." Sai in tambaye su yaushe rabon da su ga ungulu. Lokacin da nake yaro a arewa ba ka zuwa mahauta ka rasa ungulaye jere a kan katanga, kuma ba wanda ya ga dalilin ƙirga su. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin wannan ungulu a jerin masu fuskantar matsananciyar barazanar ƙarewa. Tsuntsun da ake rainawa saboda yawansa shi ne wanda raguwarsa ke wucewa ba a lura ba, sai in akwai masu rubuta shi tun yana da yawa.

Na biyu, abin da ba ku tabbatar ba kada ya shiga da suna. A rubuta siffarsa a gefen shafi, a ɗauki hoto ko da dushi-dushi ne, a naɗi kukansa na rabin minti. Suna ɗaya na ƙarya yana iya zama a rumbun bayanai shekaru yana ɓatar da mutane. Nakan gaya wa ɗalibai cewa wannan amana ce, domin wanda zai yi aiki da jerinmu bai san mu ba, kuma ba shi da hanyar dawowa ya duba.

Wajen ƙirga, kowane iri a sa masa adadi. Garke mai yawa a ƙirga goma, a auna sauran da ido goma-goma. Idan kun dawo ta hanyar da kuka bi, kada ku sake ƙirga waɗanda kuka wuce, sai sabon iri kawai.

Gadar sama a bar ta sai an rufe jeri, an rubuta lokacin gamawa. Tana lilo, mutane suna ihu, hankalin kowa yana kan ƙafarsa. Wanda ya ji tsoro kada a matsa masa ko a yi masa dariya.

Ina za a kai jerin? Ni wurare uku nake aikawa. Na farko eBird, rumbun tara jerin tsuntsaye a intanet, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka ta buɗe a 2002. Zai tambaye ka lokaci da nisa da yawan mutane, sannan ya tambaya ko jerin ya ƙunshi duk abin da kuka iya ganewa. Idan kun bi abin da na faɗa, amsarka e ce. Na biyu shi ne shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara a 2015. Su sun yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da a kwance, kuma cikakken jeri, wanda su suke kira kati, yana bukatar aƙalla awa biyu ana dubawa a cikin gida ɗaya, a rubuta tsuntsaye bi da bi yadda aka gan su. Da manhajar BirdLasser ake shigarwa. Saboda haka ne nake sa mai rubutu ya jera su yadda suka zo, kuma nake ƙoƙari mu cika awa biyu. Na uku iNaturalist, don duk abin da ba tsuntsu ba: malam-buɗe-littafi, guza, naman kaza, ganye. Ka sa hoto da wuri da rana, masana daga ko'ina su taya ka gano sunan.

Amfanin komawa a kai a kai yana fitowa ne a kan masu ƙaura. Shirwa da rani take cika sararin Legas, damina na kankama sai ta yi arewa. Akwai kuma wani kyakkyawan tsuntsu mai cin ƙudan zuma, kore mai farin maƙogwaro da dogayen gashin wutsiya biyu, wanda ke yin ƙwai da damina can bakin hamada, a Nijar da makamantanta, ya sauko kurmi da rani. Idan na nuna shi ga yaron da kakanninsa ke Damagaram, na ce masa daga wajenku ya zo, kallon da yake masa daban ne. Ranar isowarsu da ranar tafiyarsu ba za a san su ba sai da jerin wata-wata.

Wasu rukunoni sukan so a ƙarasa bakin teku tunda an zo kusa. Idan za a je, a je da aiki irin wannan: a kowace Asabar ta uku ta Satumba ana gangamin tsabtace gaɓar teku a duniya, inda ake tsince shara ana ƙirga ta iri-iri, robar ruwa nawa, murfi nawa, leda nawa. Amma ina roƙonka da Allah, kada ka bar kowa ya shiga ruwan. Wanda ya iya iyo a gulbi ko kududdufi bai san tekun Legas ba. Igiyarta tana ja ta ƙasa, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum yana tsaye.

A daren ranar, kafin a manta, ka zauna da littafin da hotunan ka shigar da komai. Idan ka sa wani tsuntsu da ba a saba gani a Lekki ba, mai tantancewa na eBird zai iya aiko maka da saƙo yana neman hujja. Ka tura masa hoton da bayanin da aka rubuta a gefen shafi, idan ya ce wani iri ne daban kuma hujjarsa ta fi, ka gyara. Sannan ka tura wa duk waɗanda suka je kwafin jerin a WhatsApp, tare da ranar fita ta gaba: hanya ɗaya, lokacin farawa ɗaya, amma a sauya mai rubutu.